Batirin da Kakana Ya Shanya a Rana

Shekaranjiya na tsaya a gaban wani shagon gyaran waya ina jiran a canza mini gilashi, sai hayaƙin dalma ya taso ya shiga hancina. Idan ka taɓa zama kusa da mai gyaran rediyo, ka san wannan ƙauri. Ba shi da daɗi, ba shi da muni, wani abu ne tsakanin ƙaro da ƙonannen sukari. Ban san lokacin da na daina ganin titin ba. Na koma Daura, na koma ɗan shekara goma sha huɗu, ina tsugune a shagon kawuna, yana ɗora ƙarfen dalmarsa a kan garwashi saboda an ɗauke wuta.

A shekarun nan ne maganar Shari'a ta cika rediyo da majalisu, salula kuma ta fara shigowa gari, ɗaya a wannan layi, ɗaya a wancan. Ni duk wannan bai cika damuna ba. Yaro ne ni mai shiru. Idan baƙo ya shigo gidanmu, bayan rumbu nake zagayawa da littafina har sai ya tafi. Ko wasan da jikoki suke yi da kakanninsu ban iya ba. Sauran jikoki sukan ja wa Kaka gemu, su ce masa tsoho mai ran ƙarfe, shi kuma ya kai musu sanda yana dariya. Ni sai dai in gaishe shi in zauna a gefen buzunsa. Shi ya sa yake kirana Malam, don tsokana, wai na fi limamin unguwa nauyin baki.

Kaka mahaifin mahaifina ne. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa na dama, ta kuma kama na hagu. Fuska ba ya gane ta sai da murya. Abin da ya rage masa shi ne sama. Idan abu mai duhu ya gilma tsakaninsa da hasken sararin sama, yakan gan shi. Don haka da hantsi zai fito ya zauna ya jingina da katanga, ya ɗaga kai, yana kallon shirwa tana shawagi a kan mahauta. Wata rana ya gaya mini, cikin muryar da yake faɗin farashin goro, cewa bara yana ganin shirwa biyar ko shida, bana kuwa sai wadda ta sauko ƙasa-ƙasa.

Yana da labari ɗaya da ba ya gajiya da shi. Yana saurayi ya kora jakuna ɗauke da kanwa zuwa Kano. Suna dab da shiga gari sai ƙasa ta ɗauki rugugi, wani abu fari ya taso daga bayan itatuwa, ya wuce ta saman kansu da cikinsa a waje. Jakuna suka watse, kanwa ta zube, abokan tafiyarsa suka bi su da gudu. Shi kuwa ya tsaya da baki buɗe har abin ya zama ɗigo. Ya sha faɗa a ranar, amma ya ce bai taɓa nadama ba. Bai shiga jirgi ba a rayuwarsa, bai kuma sake ganin wani kusa haka ba. Idan ya kai ƙarshen labarin yakan bar hannunsa a sama, kamar har yanzu abin bai gama wucewa ba.

A ɗakin karatun makarantarmu akwai wani tsohon littafin kimiyya da bangonsa ya cire. A ciki na ga zanen fiffiken jirgi an yanka shi ta gefe, samansa a tanƙware, ƙasansa a miƙe, da kibiyoyi masu nuna yadda iska take bi. Na kwafe zanen sau uku kafin ya yi daidai. Da yamma na nuna wa Kaka, na manta ba zai gani ba. Ya shafa takardar da yatsa, ya tambaye ni mene ne. Na ce jirgi zan yi, wanda zai tashi da kansa, in juya shi daga ƙasa. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

"To, Malam, ka yi sauri," in ji shi. "Fitilar nan tawa man cikinta ya kusa ƙarewa."

Lokacin an gama girbi, an tara karan dawa a bayan gida. Kowane yaro a garinmu ya iya motar kara, don haka hannuna ya san aikin. Bambancin kawai, mota ba ta damu da nauyi ba. Na zauna ina zaɓen kara ɗaya bayan ɗaya, wanda ya bushe sarai, wanda ƙwaro bai huda ba. In ɓare ɓawon da reza in fitar da totuwar, fara fat, marar nauyi kamar ba ka riƙe komai ba. Da totuwa na yi haƙarƙarin fiffike, da siraran ɓawon na ɗinke su. Na yi ma'auni da rula da murafen kwalba biyu, ina auna kowane yanki da ƙwayar gyaɗa, domin fiffiken hagu kada ya fi na dama ko da ƙwaya ɗaya. Duk lokacin sanyi a haka na yi shi. Yatsuna suka faffashe, ɗakinmu ya cika da farin gari kamar an yi surfe.

Mahaifiyata ta leƙo wata rana ta ga fiffike biyu a shimfiɗe, hankalinta bai kwanta ba. A lokacin ana yawan wa'azi a kan yin surar abu mai rai, ta ji tsoron ko tsuntsu nake ƙerawa. Kaka ya ce mata ta duba da kyau, idan ta ga ido ko baki ta zo ta gaya masa, in kuwa babu, to irin abin da alhazai suke shiga ne. Ta yi dariya ta koma madafa.

Abin da zai ba jirgin rai kuwa daga wurin kawuna ya fito, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran rediyo a kusa da tasha. A ƙarƙashin teburinsa akwai wata motar wasa mai rimot, tsarabar Makka, wadda aka kawo gyara ƙafafunta a karye, mai ita ya ce a bar ta kawai. Kawu ya ciro ƙaramin injinta da allon da yake karɓar umarni, ya ƙara wa eriyar tsawo. Maɓallin gaba ya zama na juya farfela, na hagu da dama ya zama na karkata wutsiya. Farfelar ni na sassaƙa ta da icen rimi, sai a ta biyar ta daina rawa. Batiran rediyo sun yi wa jirgin nauyi, don haka Kawu ya ba ni batiran salula guda biyu iri ɗaya, sirara kamar biskit, waɗanda ya ciro daga wayoyin da suka mutu.

Kawu mutum ne mai barkwanci, amma ranar da ya miƙo mini su bai yi murmushi ba. Ya ce waɗannan ba irin na tocila ba ne, wuta ce aka naɗe a takarda. Kada in taɓa kai musu ƙarfen dalma, sai dai in yi musu maƙali da falle na tagulla. Kada bakinsu biyu su haɗu da ƙarfe ɗaya, ko da makulli ne a aljihu. Ya saka wani siririn zaren waya a tsakani, wanda zai tsinke da kansa idan wuta ta yi yawa. Caji a shagonsa kawai, idonsa a kai. Idan ina gwaji in cire farfela tukuna, in kunna rimot kafin jirgi, in kashe jirgi kafin rimot. Idan ɗaya ya kumbura ko ya yi zafi, ya gama aiki. Na rubuta duka a bayan littafin lissafina. Na samo wata tsohuwar tukunyar ƙasa na zuba yashi, na ajiye ta a inuwar zaure inda ya fi sanyi, nan ne makwancin batiran.

Abu ɗaya na manta. Ban gaya wa Kaka ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ina ganin kamar ba ya bukata, kuma bakina ba ya son doguwar magana.

Kai da ka tashi a zamanin caji wataƙila ba ka san yadda mutanenmu suke yi da batirin rediyo ba. Ba a yar da shi don ya gaji. Shanya shi ake yi a rana. Kaka yana da wani guntun kwano a kan katanga kusa da rumbun gero, kullum da safe zai jera batiransa a kai kamar mai shanya kuɓewa. Idan rana ta gasa su, sai ya ɗauko su ɗaya-ɗaya ya ɗora a kan dutse, ya bubbuga da wani ƙaramin dutsen har su lotsa kaɗan. Ya mayar cikin rediyo, murya ta dawo, ya ji labaran yamma. Shekara talatin yana haka, bai taɓa ganin ya ci shi ba.

Bazara ta shigo, zafin da yake sa ƙadangare ya ɗage ƙafa. Jirgi ya haɗu, na rufe shi da farar leda. Wata Talata da yamma na gwada injin a tsakar gida, ya juya a kasalance. Na ce a fili, ni da kaina nake magana, batir ɗaya ya gaji. Kaka yana kan buzunsa, ashe yana jina. Da safe na kai wa Kawu ɗayan ya fara yi masa caji, na bar wanda ya gajin a tukunya, na wuce makaranta.

Na dawo bayan azahar. Na leƙa tukunya, yashi kawai. Na shiga tsakar gida, sai na hango Kaka a gindin katanga, a tsugune gaban dutsensa. Batirina yana kan dutsen. Ya wuni a kan kwano a tsakiyar rana, ya kumbura kamar ƙosai. Kaka ya ji takuna, ya juyo da fara'a.

"Malam, zo ka ga abin da rana ta yi maka. Har ƙiba ya yi."

Ya riga ya buga sau ɗaya, na ga lotsawar a gefe. Ya ɗaga dutsen zai ƙara.

Ban taɓa ɗaga murya a gidanmu ba, balle a gaban Kaka. Amma na ji wata murya ta fito daga ƙirjina tana cewa ya sake shi. Na cafke wuyan hannunsa da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na ja shi baya har ya zauna daɓas a ƙasa, na sa ƙafa na shure batirin zuwa tsakiyar fili. Ya yi ɗan tsalle ya kwanta. Sai ya fara huci. Farin hayaƙi ya fito ta wurin lotsawar, mai wani wari kamar alewa ta ƙone, sannan harshen wuta ya biyo baya da tsartuwa. Na kwaso yashin tukunyar na juye a kai, na ƙara da ƙasa, na ƙara. Tsakanin inda ya ƙone da jinkar rumbu bai fi taku huɗu ba.

Mahaifiyata ta fito da ludayi a hannu tana salati. Kaka yana zaune inda na jefar da shi, hularsa a ƙasa, yana murza wuyan hannunsa. Na ga shatin yatsuna a fatarsa. Na so in ba shi haƙuri. Maimakon haka na ɗauko hular na kaɗe na miƙa masa, na tafi bayan rumbu na zauna. Ba batirin nake wa kuka ba. Na san Kawu ba shi da wani irinsa, na san da batir ɗaya jirgin ba zai ɗaga ba, na kuma san saura makonni kaɗan ruwa ya sauka a shuke gonaki, a rasa filin da za a tashe shi. Kafin a sake girbi kuwa, Allah kaɗai ya san abin da zai rage a idon nan na hagu.

Mahaifina ya dawo daga kara, wato kasuwar shanu, gab da magariba. Dillalin shanu ne, ba mai yawan faɗa ba, amma ranar ya yi. Ya dubi baƙin tabon da ke ƙasa, ya dubi rumbu, ya ce abincin shekara guda na so in ƙone saboda wasan yara. Da ya ji yadda na fizgi Kaka kuwa, sai muryarsa ta yi ƙasa, abin da ya fi tsawa ban tsoro. Ya ce in ɗauko jirgin in kai madafa, gobe a hura wuta da shi.

Na miƙe zan tafi, Kaka ya ce in zauna.

"Kai," ya ce wa mahaifina, "da yaron nan ya tsaya gaishe ni, da yanzu hannun nan ba nawa ba ne. Ni na shiga tukunyar da ba tawa ba. Kawo abin nan naka mai kuka a aljihu."

Mahaifina yana da salula, ita ce ta farko a layinmu. Da ita yake jin farashin shanu a Mai'aduwa kafin ya tashi, a kanta maƙwabta suke karɓar kiran 'ya'yansu daga Legas. A cikin ƙyalle yake naɗe ta.

"Baba, wannan fa ta sana'a ce."

"Na sani. Ni ma da jakuna nake sana'a ranar da na bar su suka watse. Yamma ɗaya nake so."

Washegari Kawu ya zo da mitarsa. Ya buɗe bayan salular, mahaifina yana tsaye a kansa kamar ana yi wa ɗansa kaciya. Batirin irin nawa ne. Kawu ya auna su biyun ya ga ƙarfinsu ya zo ɗaya, ya ce zai yiwu, amma tashi biyu kawai, kowanne gajere, kuma a tsakani sai an bar su sun huce. Sannan ya zauna a gaban Kaka ya yi masa bayanin da ya kamata in yi tun farko. Kaka ya saurara har ƙarshe, ya ce lallai zamani ya zo da batir mai zuciya, wanda ba a bugunsa.

A daren da ya rage ban taɓa injin ba. Wani abu ne ya faɗo mini da safe ina kallon shirwa: farin jirgi a farin sama, Kaka ba zai gan shi ba. Na ɓare farar ledar gaba ɗaya, na bi maƙwabta ina neman baƙar leda irin ta cefane, na wanke, na shanya, na sake rufe fiffiken da ita. Ya yi muni. Na auna, nauyin bai ƙaru ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka fita gonar Kaka da ke bayan gari. Ƙasa a share take tana jiran ruwa, babu komai sai kututturen kara da gawo biyu. Can gabas hadari ya fara haɗa kai, fari tukuna, iska kuma tana zuwa a hankali daga wajensa. Na shimfiɗa wa Kaka buzu, rana a bayansa, fuskarsa ga hasken gabas. Mahaifina ya tsaya gefe da gawar salularsa a hannu. Na kunna rimot, na maƙala batiran, na ɗaura farfela. Kawu ya ɗaga jirgin sama da kansa.

A tashin farko jirgin ya yi taku goma ya dunguri ƙasa da hanci. Babu abin da ya karye. Na taɓa batiran, da ɗumi kaɗan, muka jira. Na matsar da su baya da faɗin yatsa ɗaya, na ɗora jirgin a kan yatsuna biyu na ga ya tsaya daidai. Mahaifina ya dubi hadarin, ya dubi salularsa. Saura tashi ɗaya.

Kawu ya yi ɗan gudu ya sake shi cikin iska. Jirgin ya nutsa kamar zai sake faɗuwa, sai iskar ta shiga ƙarƙashinsa. Ya ɗaga. Ya wuce tsayin mutum, ya wuce tsayin gawo, yana ƙara kamar ƙudan zuma a cikin gora. Na danna hagu, ya yi jinkiri kamar yana shawara, sannan ya karkata ya zagayo. Karan da na ɓare da hannuna, ledar da aka sayo daddawa a ciki, ga su can suna tafiya a kan komai. Ban ji ƙafafuna a ƙasa ba. Na ji kamar ni ma an sake ni, kamar duk shirun da na yi a rayuwata wuri yake tara mini a can sama.

Da na waiwaya, Kaka yana tsaye. Ba wanda ya ɗaga shi. Hannunsa a miƙe, yatsansa yana bin jirgin. Zuciyata ta ce ƙarar yake bi, kunnensa ai lafiya lau yake. Lokacin da Kawu ya ƙayyade ya cika, na saki maɓallin, injin ya mutu. Gona ta yi tsit. Jirgin ya ci gaba da shawagi babu sauti, ya karkata dama da kansa, yana saukowa a hankali ta gaban farin hadarin. Yatsan Kaka ya karkata dama. Ya bi shi, ya bi shi, yana saukowa tare da shi, har jirgin ya kwanta a kan kunyar gona.

Ya daɗe bai sauke hannun ba. Da ya sauke sai ya ce, "Malam, hankaka ka yi ashe. Na Kano fari ne."

Kafin a kai amfanin wannan shekarar gida, sama ma ta rufe masa. Ya rayu shekara huɗu bayan haka, ana jan hannunsa zuwa masallaci, yawanci ni.

Yanzu kayan da na sha wahalar haɗawa ana sayar da su a kwali, da batir da caja da komai. Wurin biki za ka ga wani abu mai farfela huɗu yana tsaye a sama yana ɗaukar hoto, yara ma ba sa ɗaga kai. Batiran nan masu zuciya sun cika kowane gida, a ƙarƙashin matashi, a kan firji, a aljihun 'yan makaranta, kuma nakan tsaya in yi wa mutane bayani ko ba su tambaye ni ba, ni da ba na son magana. Yanar ido kuma ta zama aikin safiya ɗaya. Bara na kai mahaifina aka cire masa tasa, kwana biyu aka buɗe bandeji ya karanta lambar motar da ke gabanmu.

Bayan sati muna zaune da shi a ƙofar gida, ana suna a maƙwabta, irin abin nan mai ɗaukar hoto ya taso ya tsaya a saman layin. Ya bi shi da sabon idonsa na ɗan lokaci. Na tambaye shi ko ya tuna nawa, na kara da baƙar leda. Ya ce ya tuna ranar, amma jirgin ba zai iya cewa ga kamarsa ba.

"Ban kalle shi ba," in ji shi. "Yatsan Baba nake kallo."